Shekarar da Ke Jikin Kwalba: Rabon Sama da Rabon Hannu a Gonar Inabi

Shekarar da ake bugawa a jikin kwalbar jan ruwan inabi ita ce shekarar da aka tsinke 'ya'yan inabin a gona. A dokar Tarayyar Turai ba a buga ta sai aƙalla kashi 85 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalbar ya fito daga girbin wannan shekarar. Shagunan da ke bakin titin Kachia a Sabon Tasha, kudancin birnin Kaduna, suna sayar da irin waɗannan kwalabe daga Faransa da Sifaniya da Afirka ta Kudu. Da yawa daga cikin masu arahar ba su da shekara ko kaɗan, domin an gauraya girbi iri-iri har ɗanɗanon ya tsaya wuri ɗaya. Masu tsadar ne suka fi ɗaukar ta, saboda gona ɗaya da kuringa ɗaya da ma'aikata ɗaya sukan ba da abin da ake rububinsa bana, baɗi kuma su ba da abin da mai gonar ke jin nauyin sa sunansa a kai. Abin da ya canja tsakanin shekarun biyu shi ne yanayin sama.

Daga nan tsohuwar tambaya take tasowa, wadda ta shafi mai sha da wanda bai taɓa kai kofi baki ba. Idan amfanin gona ya yi kyau, wa ya cancanci yabo? Idan ya lalace, laifin wa? Musulunci ya haramta giya, an kuma yanke hukuncin a Suratul Ma'ida. Majami'u da yawa a Sabon Tasha, irin su ECWA da Baftis, suna hana mabiyansu shan barasa, har a wajen cin Jibin Ubangiji sukan yi amfani da abin sha marar sa maye, al'adar da ta bazu tun bayan da Thomas Welch ya gano hanyar hana ruwan inabi tsima a Amurka a 1869. Cocin Katolika kuwa dokarta ta ce dole ruwan inabin da za a yi hadaya da shi ya zama na asali daga 'ya'yan kuringa, wanda bai lalace ba. Duk da wannan saɓani, Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki sun haɗu a kan ɗaukar gonar inabi a matsayin misali idan za su yi magana a kan arziki da asara da ikon Allah. Inabi ya dace da wannan aiki domin da wuya a sami amfanin gonar da ke nuna halin shekararsa ƙarara kamar shi.

A yankunan Bordo da Burgundi na Faransa, kuringa tana barci duk lokacin sanyi, ta farka ta yi toho a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Tohon nan ɗanye ne, cike da ruwa, kuma daren sanyi ɗaya da raɓa ta daskare ya isa ya ƙone shi. Haka aka yi a Bordo a Afrilun 1991, aka sake yi a Afrilun 2017, inda girbin yankin ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari idan aka gwada da na shekarar da ta gabata. A Afrilun 2021 abin ya game kusan ƙasar baki ɗaya. A irin wannan dare manoma sukan jera gwangwanayen kakin zuma ko na man farafin a tsakanin kunyoyi, ɗaruruwa a hekta guda, su bi su da wuta tun tsakar dare, suna duba ma'aunin zafi a hannu, domin sanyin ya fi tsanani dab da fitowar rana. Wutar ba ta ɗaga zafin iska sai da digiri biyu ko uku. Wani lokaci wannan ya isa. Wani lokaci kuma rana ta fito a tarar tohon ya yi baƙi ya lanƙwashe, kuɗin kakin ma ya bi ruwa. Wanda ya fi wannan muni shi ne sanyin Fabrairun 1956, wanda ya kashe kuringun kansu har saiwa a gonaki da yawa, sai da aka sake dashe.

Kuringar da ta tsira tana yin huda a farkon Yuni. Idan aka yi ruwa da sanyi a wannan makon, furanni da yawa ba sa ɗaurewa, nonon inabin ya fito da giɓi, wasu 'ya'yan manya wasu ƙanana. Tsofaffin manoma sukan ƙirga kwana ɗari daga huda zuwa girbi. A cikin waɗannan kwanaki ne ake yin ainihin ciniki da sama. Hasken rana da ɗumi suna tara sukari a cikin ɗan inabi, sukarin nan ne yisti zai mayar da shi barasa. Tsamin da ke ciki yana raguwa a hankali. A cikin Agusta 'ya'yan suna juyewa daga kore zuwa ja ko baƙi, kuma launin da baurin jan ruwan inabi duk daga fata da ƙwallo suke fitowa, shi ya sa ake barin ruwan ya tsima tare da fatar. Baurin nan ne ke ba shi damar daɗewa shekaru ashirin ko talatin a ajiye yana ƙara kyau.

Wani abin da ba a zata ba shi ne kuringa ta fi ba da mai kyau idan ta ɗan sha ƙishi. Idan ruwa ya yi mata yawa sai ta zuba ƙarfinta a ganye da rassa, 'ya'yan su kumbura su yi salam. Idan ƙasa ta ɗan bushe a daidai lokacin juyewar launi, 'ya'yan sukan tsaya ƙanana, fata ta yi kauri, ɗanɗano ya taru. Amma ƙishin yana da iyaka. A zafin Agustan 2003, wanda ya kashe dubban mutane a Turai, kuringu da yawa sun rufe ƙofofin ganyensu suka daina aiki, 'ya'yan da ke fuskantar rana suka ƙone, wasu suka tara sukari alhali baurinsu bai nuna ba. An yi girbi a cikin Agusta a wuraren da aka saba yi a ƙarshen Satumba. Idan kuma shekara ta yi sanyi, inabin ba ya ƙosawa, ruwansa ya fito da tsami da warin ɗanyen ganye.

Makonnin ƙarshe su ne mafi haɗari. Ruwan sama a Satumba yana shiga saiwa ya tsinka zaƙin, yana fasa fata, fumfuna ta kama nonon ta ruɓar da shi cikin 'yan kwanaki. Shekarun 1963 da 1965 da 1968 sun yi ƙaurin suna a Bordo saboda haka, 2013 ma ta bi sahunsu. Su kuwa 1961 da 1982 da 1990 da 2005 da 2010 ana ambatonsu da girmamawa. Ga ƙanƙara, wadda kan iya share gona cikin minti goma ta bar ta maƙwabci ba ta taɓa ko ganye ba. Mai gona yana da shawara guda mai nauyi a hannunsa, wato ranar da zai sa a fara tsinka. In ya yi sauri ya tsinki ɗanye. In ya jira mako guda don ya ƙara nuna, hadari na iya riga shi. Mutanen Bordo suna rage wannan haɗari ta hanyar shuka iri fiye da ɗaya: Merlot yana nuna da wuri, Cabernet Sauvignon yana jinkiri, in ɗaya ya gamu da ruwa wataƙila ɗayan ya tsira. Mutanen Burgundi ba su da wannan mafaka, domin kusan duk jan ruwan inabinsu mai suna daga iri ɗaya ne, Pinot Noir, mai siririyar fata.

Burukutun da ake dafawa a lungunan Sabon Tasha yana taimakawa wajen gane dalilin da ya sa inabi ke riƙe shekararsa. Ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a bar ta ta tashi. Ana shanye shi cikin kwana ɗaya ko biyu, in ya wuce haka ya lalace. Dawa kuma hatsi ce, tana zama a rumbu, ana sayo ta daga kasuwanni daban-daban a haɗa, ruwan dahuwar ma daga rijiya ko famfo yake. Mummunar damina takan bayyana a farashin mudu, ba a cikin ƙwarya ba. Kamfanin giyar kwalba ma burinsa kwalbar bana ta zama daidai da ta bara. Shi kuwa inabi ana matse shi a ranar da aka tsinke shi, ruwan da ke ciki shi ne wanda saiwa ta sha a wannan shekarar, kuma yana iya zama shekaru hamsin a kwalba. Hausawa ma suna riƙe shekaru, amma a baki suke riƙe su, kuma sun fi riƙe munana, kamar yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973.

Mutane sun daɗe suna neman abin da ke bayan kyakkyawar shekara. A 1811 wata tauraruwa mai wutsiya ta yi watanni ana ganinta a sararin Turai, girbin inabin shekarar kuma ya yi kyau ƙwarai, sai aka jingina shi gare ta, har aka riƙa buga hoton tauraruwar a jikin kwalabe. Bayan shekara biyar, a 1816, aka yi bazarar da ba ta yi ɗumi ba, inabi bai nuna ba sai ƙarshen Oktoba, abin da aka samu ma bai shawu ba. Babu manomin Faransa da ya san cewa dutsen Tambora da ya yi aman wuta a Indunusiya a Afrilun 1815 shi ne ya turnuƙe sararin sama da toka. Sun yaba wa tauraruwar da ba ta yi kome ba, dutsen da ya yi ɓarnar kuwa ko sunansa ba su ji ba.

Musulunci ya yi magana kai tsaye a kan irin wannan jingina. A hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da safe Annabi (SAW) ya bambanta tsakanin wanda ya ɗauki ruwan a matsayin falalar Allah da wanda ya danganta shi ga faɗuwar wata tauraruwa. Malamai irin su Imam Shafi'i sun yi bayanin cewa abin da aka hana shi ne ɗaukar tauraruwa a matsayin mai saukar da ruwa. Amfani da ita a matsayin alamar lokaci ba laifi ba ne, kuma haka manoman Hausa suka daɗe suna duba Kaza da 'Ya'yanta don sanin matsowar damina. Wannan bambanci tsakanin alama da mai aikatawa shi ne ginshiƙin duk muhawarar da ta biyo baya.

A ƙarshen shekarun 1980 wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Princeton, Orley Ashenfelter, ya tattara farashin tsofaffin kwalaben Bordo a kasuwar gwanjo ya gwada su da bayanan yanayi. Ya gano cewa abubuwa uku, wato yawan ruwan lokacin sanyi kafin toho, da matsakaicin ɗumi daga Afrilu zuwa Satumba, da ƙarancin ruwa a Agusta da Satumba, idan aka haɗa da daɗewar kwalbar, suna bayyana kusan kashi 80 cikin ɗari na bambancin farashi tsakanin shekaru. Ya yi hasashen cewa 1989 da 1990 za su yi fice tun ruwan yana cikin ganga, kuma hakan aka yi. Mashahuran masu ɗanɗano, ciki har da Robert Parker, sun yi masa ba'a, domin lissafin yana rage darajar harshensu. Ya kuma rage darajar masu gonakin, tunda yana nuna cewa mafi yawan abin da ke bambanta shekara da shekara ba daga hannunsu ya fito ba.

Wasu sukan ɗauka cewa da zarar an san sababi, maganar Allah ta ƙare. Malaman tauhidi sun riga sun tattauna wannan ƙarnuka kafin ma'aunin ruwan sama. Imam Ghazali ya ce haɗuwar wuta da auduga ba ita ce ke wajabta ƙuna ba, Allah ne ke halittar ƙunar a duk lokacin da suka haɗu, bisa al'adar da Ya gudanar. Ibn Rushd ya mayar masa da martani cewa wanda ya musanta sababi ya rushe ilimi, kuma tsarin sababin shi kansa shaida ne na hikimar Mahalicci. A ɓangaren Kirista, Toma Akwinas ya koyar da cewa Allah shi ne sababi na farko, yana kuma aiki ta hanyar sababai na biyu kamar rana da ruwa da hannun manomi, ba tare da ɗayansu ya ƙwace aikin ɗaya ba. A kowane ɗayan ra'ayoyin nan uku, lissafin Ashenfelter yana da mazauni: yana bayyana yadda al'adar take gudana. Abin da ba ya iya yi shi ne gaya wa manomi a watan Maris abin da Satumba za ta kawo. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara yana faɗin lokacin da ake sa ran ruwa zai sauka da lokacin da zai ɗauke a kowace jiha, amma ba ya nuna gonar da ƙanƙara za ta faɗa wa.

Tambaya mafi zafi ita ce ko girbi hukunci ne a kan halin mai gona. Akwai nassoshin da ke nuna haka. Littafin Maimaitawar Shari'a ya ɗaure ruwan fari da na ƙarshe, da hatsi da ruwan inabi da mai, ga biyayyar jama'a. Annabi Haggai ya danganta ƙarancin abin da ake samu a wurin matse inabi da watsi da Haikali. Suratul A'araf ta haɗa imani da taƙawar mutanen gari da buɗewar albarkar sama da ƙasa. Suratul Kahfi ta ba da labarin mai gonaki biyu na inabi kewaye da dabino, wanda ya yi alfahari ya ɗauka ba za su taɓa ƙarewa ba, ya wayi gari sun rushe a kan rumfunansu. Sallar roƙon ruwa, da tuba da sadakar da ake gabatarwa kafin ta, a kan wannan fahimta take tsaye. Haka ma kwanaki uku na zagayen addu'a a gonaki kafin Idin Hawan Yesu Sama, wanda Bishop Mamertus na birnin Biyen ya fara wajen shekara ta 470, manoman inabi na Faransa suka riƙe shi ƙarnuka.

Littattafan nan kuma su ne suka toshe hanyar mayar da wannan ma'auni a kan mutum ɗaya. A Linjilar Matta an ce rana da ruwan sama suna sauka a kan mai adalci da marar adalci. Abokan Ayuba da suka nace cewa asararsa sakamakon zunubi ce, su aka tsauta wa a ƙarshe. A Linjilar Luka an ƙi yarda cewa mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Suratul Baƙara ta lissafa tauyewar 'ya'yan itace a cikin jarrabawar da za ta sami muminai, ba masu laifi kaɗai ba. Laifin mai gonaki biyu na Suratul Kahfi shi ne ya karanta yalwarsa a matsayin shaidar cancantarsa, wanda kuwa ke karanta asarar maƙwabcinsa a matsayin shaidar zunubi kuskure ɗaya suke yi da shi.

Mutanen Sabon Tasha ba su buƙatar zuwa Faransa don ganin wannan. Titin da ya ratsa unguwar shi ne ke kaiwa Kachia, kuma gidaje da yawa suna da 'yan uwa masu noman citta a can da Jaba da Kagarko. A daminar 2023 wata cutar fumfuna ta faɗa wa citta a wannan yanki, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma suka rasa amfani suka rasa iri, farashin buhu ya yi tashin gwauron zabi. Ta ci gonar dattijon coci, ta ci ta mashayi. Haka tsutsar tumatir ta yi a 2016, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kuma wannan karon manoman arewacin jihar ne suka fi ji a jikinsu. Mai wa'azin da ya tashi ya faɗi zunubin da ya jawo irin wannan annoba yana da'awar sanin abin da littafinsa bai ba shi ba.

Amma faɗin cewa sama ce ke yanke mafi yawa ba ya sauke wa manomi nauyi. Hausa tana da karin magana biyu da suke kamar suna karo: zafin nema ba ya kawo samu, da kuma Allah ya ce tashi in taimake ka. Gonar inabi tana gaskata dukansu. A Burgundi akwai wata gona mai katanga, Clos de Vougeot, wadda sufaye 'yan ɗarikar Sito, da aka kafa a 1098, suka share suka kewaye. Girmanta kusan hekta 50 ne, yau kuma tana hannun masu mallaka wajen 80. Sama ɗaya ce a kansu, amma abin da suke fitarwa a shekara guda ya bambanta ƙwarai. A shekara mai kyau kusan kowa yana samun abin kirki, malalaci da mai himma. A mummunar shekara ake gane wanda ya rage ganye don iska ta ratsa, wanda ya yi feshi a kan lokaci, wanda ya tsaya a bakin tebur yana tsince ruɓaɓɓun 'ya'ya yana zubarwa ko da rabin girbinsa zai tafi. Kasuwa kuwa tana biyan kwalbar shekara mai kyau ninkin-ba-ninkin, alhali gumin da aka zuba a mummunar ya fi yawa.

Masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun tayar da wannan matsala a 1976: mutane sun yarda cewa bai kamata a yi wa mutum hukunci a kan abin da ba ya hannunsa ba, amma kullum da sakamako suke yabo da zargi. Manoma biyu sun jinkirta girbi da mako guda. Na farko rana ta ci gaba da haskawa, aka kira shi mai hangen nesa. Na biyu hadari ya sauko, aka kira shi mai ganganci. Shawararsu ɗaya ce. Addinan biyu sun warware wannan ta hanyar raba ma'auni: lada yana bin niyya da aiki, samu kuwa rabo ne. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya yi tawakkali yana nan a kan haka, kuma Manzo Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa wani ya dasa, wani ya yi ban ruwa, girma kuwa daga Allah yake, amma kowane ma'aikaci ladansa gwargwadon wahalarsa ne. Wannan rabo yana kwantar da zuciya. Ba ya biyan bashin taki.

Iyakar da ke tsakanin rabon sama da rabon hannu ma ba a tsaye take ba. Littafin Jean-Antoine Chaptal na 1801 ya yaɗa dabarar ƙara sukari a ruwan inabin da rana ba ta ishe shi ba. A shekarun 1880 Alexis Millardet ya gano cewa haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa yana hana fumfunar ganye, cutar da a da ake ɗauka annoba ce da ba ta da magani. Yau shekara irin 1965 ba za ta yi ɓarnar da ta yi a lokacinta ba. A Ƙaramar Hukumar Kudan, arewa da Zariya, manoma suna noman inabin ci a kan rumfuna, kuma sun kauce wa damina ne baki ɗaya. Da yake a ƙasa mai zafi kuringa ba ta barci, lokacin datse rassa ne ke sa ta sabon toho, sai su datse yadda 'ya'yan za su nuna a cikin rani, lokacin da ba marka ba fumfuna, su shayar da ita da ruwan rijiya. Haka ake yi a Nashik ta Indiya. Wanda ya yi haka ya rage dogaro da hadari, ya koma dogaro da farashin man injin ban ruwa da zurfin ruwan ƙasa.

Fiƙihu ya lura da wannan bambanci har ya sa masa adadi. Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da zakkar kashi ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala da kuɗi kuwa rabin haka. Ma'ana, gwargwadon yawan abin da ya zo kyauta, gwargwadon yawan haƙƙin matalauci a ciki. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a arewacin Nijeriya, akwai kuma hukuncin annobar 'ya'yan itace: idan mutum ya sayi 'ya'ya suna kan itace, sai sanyi ko ƙanƙara ko fara suka lalata sulusi ko fiye, ana sauke masa kuɗin abin da ya lalace, asarar ta koma kan mai sayarwa. Littafin Firistoci ya hana mai gonar inabi komawa kala ko tsince abin da ya faɗi ƙasa, ya ce a bar wa matalauci da baƙo. Labarin Annabi Yusuf, wanda littattafan biyu suka kawo, ya sa ajiyar shekarun yalwa ta ciyar da shekarun fari. A bikin godiyar kaka da majami'un Sabon Tasha ke yi a ƙarshen shekara, ana shigo da doya da buhunan masara da kaji da awaki gaban bagade cikin waƙa da rawa, a yi gwanjonsu bayan sujada, kuma wanda gonarsa ba ta yi ba yakan zo da ɗan abin da ya samu ya shiga layi ɗaya da wanda rumbunsa ya cika. Duk waɗannan ba su bayyana dalilin da ya sa ƙanƙara ta zaɓi wannan gona ta bar waccan ba. Sun mayar da hankali ga yadda za a raba asarar, wanda shi ne ɓangaren tambayar da ɗan Adam ke da ikon amsawa. Inshorar noma, irin wadda hukumar NAIC ke bayarwa tun 1987, sabon salo ne na wannan tunani, ko da yake ƙananan manoma kaɗan ne ke cikinta.

Zamanin nan ya ƙara wa tambayar wani ƙulli. A garin Bon na Burgundi an tattara ranakun fara girbin inabi tun daga 1354, domin a da hukumar gari ce ke shelar ranar, ana kuma rubutawa. Masanin tarihi Emmanuel Le Roy Ladurie ya yi amfani da irin waɗannan ranaku wajen gano yanayin ƙarnukan da ba a da ma'aunin zafi. Binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa daga 1988 zuwa lokacin binciken ana fara girbi da wuri da kimanin kwana 13 fiye da matsakaicin ƙarnuka shida da suka gabata. Da farko ɗumin ya yi wa yankunan sanyi daɗi, shekaru masu kyau suka yawaita, har kudancin Ingila ya shiga noman inabi gadan-gadan. Amma toho yana fitowa da wuri ya gamu da sanyin Afrilu, barasa tana ƙaruwa, tsami yana raguwa. A 2021 hukumar da ke kula da sunayen gonakin Faransa ta amince wa Bordo ta gwada sababbin iri shida masu jure zafi, ciki har da Touriga Nacional na ƙasar Fotugal.

Tsohon rabon ya ɗauka cewa sama ba ta hannun kowa, shi ya sa asarar da ta zo daga gare ta ba ta da wanda za a kai ƙara. Yanzu wani ɓangare na ɗumin da ke matso da girbi, yana kuma rikita saukar damina a Kachia, ya fito ne daga gawayi da man da mutane suka ƙona cikin shekaru ɗari biyu, mafi yawansa a ƙasashen da ke da kuɗin sayen kakin dumama gona da inshora. Manomin citta bai ƙona kaso mai yawa a ciki ba. Malaman addinan biyu sun fara shigar da wannan cikin babin amana da haƙƙin maƙwabci: wasiƙar Fafaroma Francis a kan muhalli ta fito a 2015, a shekarar kuma wasu malaman Musulunci suka fitar da sanarwa a kan sauyin yanayi a Istanbul. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Sharm el-Sheikh a 2022 aka amince da kafa asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawo wa ƙasashe masu rauni, kuma har yanzu ana jayayya a kan wanda zai zuba, da nawa.